Kowane ɓangare na cewa na karkata ga ɗayan: in sauka daga shugabancin?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji uku. A farkon zangon nan aka zaɓe ni shugabar ƙungiyarmu ta fahimtar juna tsakanin ɗalibai mabiya addinai daban-daban. Ni Musulma ce, mataimakina Kirista. Yawancin membobinmu Musulmi ne da Kirista, sai 'yan ƙalilan da ba sa cikin ko ɗaya. A wani zama da muka yi, wani ɗan'uwa Musulmi ya tashi ya yi magana a kan littafin Kiristoci cikin izgili, sai na katse shi na karɓe makirufo. Tun ranar wasu 'yan'uwana Musulmi suke cewa na sayar da addinina don a yabe ni. Wasu Kiristocin kuma suna cewa da ma ina da ɓangare, tunda da addu'a irin tamu nake buɗe taro, kuma har yanzu ina zuwa karatun ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Mataimakina ya ce in daina zuwa har wa'adina ya ƙare, in kuma daina faɗin ra'ayina a kan komai. Yanzu ga wata sabuwa: ana matsa mini mu fitar da sanarwa da sunan ƙungiya a kan wani yaƙi da ake yi a wata ƙasa, kowane ɓangare da kalmomin da yake so a sa. Na gaji. Shin dole sai shugaba ya jingine addininsa? Ko in sauka kawai?

Daga wata ɗaliba

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sauka, aƙalla dai ba a kan wannan ba. Amma kafin mu je ko'ina, akwai wani lallashi da na tabbata ƙawayenki sun riga sun yi miki, wai tunda ɓangarorin biyu duk suna kuka da ke, to kina kan daidai. Kada ki kwanta a kan wannan. Wani lokaci mutane biyu kan yi kuka da mutum ɗaya saboda ya ɓata wa kowannensu ta hanyarsa. Ƙorafe-ƙorafen da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba: akwai wanda ba shi da tushe, akwai wanda ke da gaskiya a ciki, akwai kuma wanda rabi da rabi ne. Kowanne sai an dube shi shi kaɗai.

Mu fara da shawarar mataimakinki cewa ki daina zuwa karatun 'yan'uwanki. Wannan kam ban yarda ba, ko da yake na ga alamar da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ƙungiya irin taku ba ta da wani amfani idan mutanen cikinta sai sun tuɓe imaninsu a bakin ƙofa kafin su shiga. Malaman Musulunci 138 da suka aika wa Fafaroma Benedict na 16 da sauran shugabannin Kirista wasiƙar neman fahimtar juna a watan Oktoban 2007, da ayoyin Alƙur'ani suka yi magana, suka kawo na Baibul a gefensu. Haka nan da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, da Fafaroma Francis suka sa hannu a kan takardar 'yan'uwantakar bil'adama a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairun 2019, babu wanda ya ɓoye ko shi wane ne. Da ɗayansu ya ɓoye, da sa hannun nasa bai ja kowa ba. Ke ma haka ne. Ranar da za ki sake buƙatar ce wa wani Musulmi ya dakata, abin da zai sa ya saurare ki shi ne ya san tare kuke zama a gaban malami. Idan kika ɓace daga cikinsu wata shida, kin gaskata masu cewa kin sayar, kuma kin rasa bakin da za ki yi musu magana da shi.

Sai dai da iyaka. Zuwa karatu daban, riƙe muƙami daban. Idan kina cikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ki ajiye ɗaya, domin ranar da buƙatun ƙungiyoyin biyu suka ci karo babu wanda zai san da wane baki kike magana. Kuma kada ki kai maganar ƙungiyar haɗakar can a tattauna a bayan idon sauran membobi. Da zarar aka ji an shirya matsaya a masallaci ko a coci kafin a zo taro, amana ta tafi. Wannan sharaɗin ya hau kan mataimakin naki kamar yadda ya hau kanki.

Rabin shawararsa na biyu, wato ki riƙe ra'ayinki, yana da gaskiya a ciki, amma a lokacin da kike kan kujera kawai. Dubi kakakin majalisar wakilan Birtaniya. Da an zaɓe shi yake fita daga jam'iyyarsa, ba ya shiga muhawara, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ko a nan ɗin ma akwai ƙa'idar da ake bi tun zamanin Kakaki Denison a ƙarni na 19: ya jefa ta inda za a ci gaba da tattaunawa, kada ya ƙirƙiri rinjaye a inda babu shi. Jam'iyya ana fita daga cikinta, addini kuwa babu mai neman ki fita, amma sauran darasin naki ne. Mai riƙe da makirufo da agogo, idan ya shiga gardama, ya haɗa ƙarfi biyu a hannu ɗaya. In batu ya taso da kike ganin dole ki ce wani abu, ki miƙa wa mataimakinki jagorancin zaman, ki koma cikin jama'a ki ɗaga hannu kamar kowa, ki yi mintunanki, kuma kada ki karɓi kujerar sai an gama wannan batun. Kada ki yawaita yin hakan. In wani ya tambaye ki a zaure me Musulunci ya ce game da kaza, ki mayar da tambayar ga wani Musulmi a cikin masu sauraro. Ba ke ce muftin ƙungiya ba.

Maganar addu'a kuma, a nan Kiristocin suna da gaskiya, ki karɓa ba tare da kare kai ba. Na san ba da wata manufa kike yi ba, abin da bakinki ya saba ne. To amma son kai a irin waɗannan ƙungiyoyi ba kasafai yake zuwa da ƙaho ba. A ƙananan abubuwa yake ɓuya, waɗanda mai rinjaye ba ya ma lura da su: wa ke buɗe taro, wace rana da wane lokaci ake sa zama, ko ya ci karo da ibadar wani, a wane ɗaki ake yi, baƙi nawa aka gayyato daga kowane ɓangare a zangon nan, minti nawa kowa ya samu, bikin wa aka kashe wa kuɗi, su wa ke da ikon goge saƙo a zauren WhatsApp. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk wannan tun daga ranar da kika hau. Ƙila ki ga abin da zai ba ki mamaki, ƙila kuma ki ga abin da zai wanke ki. Ko wanne ne, ki nuna wa kwamitinki.

Mafitar addu'ar ba wuya. Ko a riƙa karɓa-karɓa, ko kowane ɓangare ya yi tasa a taƙaice, ko a yi shiru na minti ɗaya kowa ya roƙi Ubangijinsa a zuci. Abin da ba na ba ki shawara shi ne a ƙera wata addu'ar gamin gambiza wadda aka cire mata duk abin da zai nuna ta wane ce. Masu riƙo da addini sosai a ɓangarorin biyu ba za su ce amin ba, kuma su ne kuka fi buƙata a ɗakin. Ko a taron addu'ar zaman lafiya da Fafaroma John Paul na 2 ya kira a Assisi ta Italiya a watan Oktoban 1986, an kiyaye wannan: an taru wuri guda, amma kowane addini ya yi addu'arsa da kansa. Ki kuma tuna da 'yan ƙalilan ɗin nan da kika ambata a jimla ɗaya kika wuce. Karɓa-karɓa tsakanin manya biyu su take mantawa da su. Ki tambaye su me suke so, kada ki yanke musu.

Yanzu ga babbar maganar, wato karɓe makirufo. Kin yi daidai da kika tsayar da shi. Rashin ɗaukar ɓangare tsakanin aƙidu wajibinki ne, amma tsakanin mai izgili da wanda ake yi wa izgili babu tsakiyar da shugaba zai tsaya. Da kin yi shiru, da kowane Kirista a ɗakin ya karanta shirun a matsayin amincewa, kuma da ba su yi kuskure ba. Masu cewa kin sayar da addini su koma Suratul An'am aya ta 108, inda aka hana zagin abin da wasu ke bauta wa, da Suratul Ma'ida aya ta 8, inda aka ce kada ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci. Kiristocin ma suna da irin wannan a Littafin Firistoci 19:15, wanda ya hana karkata shari'a, ko don tausayin matalauci ko don ganin girman babba. Adalcin da kike ƙoƙarin yi daga cikin addininki ya fito, babu wanda ya ba ki aronsa.

Duk da haka ina da tambayoyi biyu da ke kaɗai za ki amsa wa kanki. Ta farko: da wace doka kika tsayar da shi? Idan ƙungiyarku ba ta da rubutacciyar ƙa'idar magana, to a idon jama'a ra'ayinki ne kika zartar, kuma gobe duk wanda kika katse zai ce son ranki ne. Ta biyu ta fi ɗaci. Da Kirista ne ya yi irin wannan magana a kan Alƙur'ani, da haka za ki yi, da wannan saurin, ba tare da gargaɗi ba? In amsar ita ce da kin fi zafi, akwai gyara. In kuma amsar ita ce da kin ɗan sassauta don kada a ce kin kare naki, nan ma akwai gyara, kuma wannan tarkon ne ya fi kama shugabanni masu kirki. Mutum kan tsananta wa nasa don ya nuna wa na waje cewa shi adali ne. Hakan ma son kai ne, sai dai sunansa yake karewa a maimakon ɓangarensa, kuma nasa suna ganewa tun kafin shi ya gane. Ƙila cikin hayaniyar masu zarginki akwai mutum ɗaya ko biyu da wannan ne ainihin abin da ke cinsu.

Haka kuma ki bambance saɓani da cin mutunci, domin idan kika haɗa su za ki kashe ƙungiyar da hannunki. Musulmi yana da damar cewa bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba. Kirista yana da damar cewa bai yarda da annabcin Annabi Muhammad (SAW) ba. Kowanne zai yi wa ɗayan nauyi a kunne, amma gaskiyar abin da suka yi imani da shi ke nan, kuma ƙungiyar da ba za ta iya ɗaukar wannan ba taron gaisuwa ce kawai. Akwai wani tsari da malaman Yahudu da Kirista da Musulmi suka fara a shekarun 1990, inda ake zama a karanta gajerun nassoshi daga littattafan uku a kan jigo guda, kowa ya bayyana nasa, sauran su yi tambaya. Ba a neman a tashi da matsaya ɗaya, abin da ake nema shi ne a fahimci inda aka saɓa da dalilinsa. Irin wannan ne ya kamata ƙa'idarku ta kare: kowa ya yi magana daga cikin addininsa, kada ya zama mai fassara wa wani nasa, tambaya halal ce komai tsaurinta, ba'a da laƙabi da kwaikwayon ibadar wani haramun ne, ba a mayar da zama filin jawo mutum ya sauya addini, ba a yanko bidiyon maganar wani a watsa. Gargaɗi ɗaya, sannan a karɓi makirufo, ko wane ne. Kada ke ki rubuta ta. Ki sa mutum biyu-biyu daga kowane ɓangare su tsara, babban taro ya amince, a riƙa karanta ta a farkon kowane zama.

Shi kuma ɗan'uwan da kika katse, ki neme shi a keɓe, tare da wani da yake jin nauyinsa. Ki gaya masa dalilinki, ki saurari nasa, ki ce masa ƙofa a buɗe take. Sauran masu surutu ki ba su amsa sau ɗaya a taƙaice, kada ki biye musu a zaurukan waya. Babba juji ne, wani abin dole ki haɗiye.

Saura sanarwar yaƙi, wadda ita ce za ta iya raba ƙungiyar gida biyu in ba a yi hattara ba. Ra'ayina shi ne kada ku fitar da sanarwar da ke yanke hukuncin wa ke da gaskiya da sunan ƙungiya. A 1967, lokacin da yaƙin Biyetnam ya hargitsa jami'o'in Amurka, Jami'ar Chicago ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Harry Kalven don duba irin wannan tambaya. Matsayar da suka cimma ita ce jami'a gida ce ga masu suka, malamai da ɗalibai su faɗi abin da suka ga dama, amma ita kanta ba ta ɗaukar matsaya a kan rigingimun siyasa, domin da ta ɗauka ta rufe bakin duk wanda ke cikinta da bai yarda ba. Sun yi togiya: idan abin ya taɓa aikin jami'ar kanta da 'yancin da take tsaye a kai, dole ta yi magana. Ƙungiyar agaji ta Red Cross da Red Crescent ma, cikin ƙa'idoji bakwai da ta ayyana a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1965, ta raba abu biyu: ba ta shiga gardamar siyasa ko ta addini, amma wajen taimako tana duba wanda ya fi buƙata ba tare da tambayar ko shi wane ne ba. Dalilinta a fili yake, tana so kowane ɓangare ya bar ta ta shiga inda masu rauni suke.

Ku ma jarinku ke nan, wato ɗakin da kowa ke yarda ya shiga. Sanarwa ɗaya tana iya cinye shi, kuma ba za ta tsayar da harsashi ko ɗaya ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana nan, ta Kirista tana nan, kowace ta fitar da tata da kalmomin da take so, membobinku su sa hannu da sunayensu, har da ke in kin ga dama, muddin ba ki liƙa muƙaminki a ƙasa ba (ko da yake ni da zan so ki haƙura da wannan har ki sauka). Abin da ku za ku iya, wanda su ba za su iya ba, shi ne ku shirya zaman da ɗalibin da ke da dangi ko 'yan'uwan addini a wancan yaƙin zai faɗi abin da ke ransa a gaban wanda ke kallon lamarin ta wata fuska, ko ku tara gudummawar agaji ga fararen hular da abin ya shafa.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan matsaya tana da tsada. Za a ce shiru ma ɓangare ne, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Wasu za su fita. Abin da zai sa a yarda da shirun naku shi ne a ga ba ku yi shiru a inda ya zama hakkinku ba. Idan aka ɓata wurin ibadar wani a cikin makaranta, ko aka tsoratar da ɗalibi saboda addininsa, ko aka sa jarrabawa a lokacin da ya hana wasu ibadarsu, to ranar ku fara magana kafin kowa, kuma wanda abin bai shafi addininsa ba shi ya karanta sanarwar. Ku rubuta wannan ma'auni yanzu, tun kafin rikici na gaba, domin ma'aunin da aka ƙirƙira a tsakiyar rikici kowa zai ce don shi aka yi. Ku kuma sa a ciki cewa duk sanarwar da za ta fita da sunan ƙungiya sai kowane ɓangare ya amince. Ƙuri'ar rinjaye a batun da ya raba addinai ƙidayar kawuna ce kawai, wanda ya fi yawa a ɗakin ranar shi ke ci.

Wani abin da wasiƙarki ta nuna mini shi ne kaya sun yi wa kai ɗaya yawa. Majalisar addinai ta Najeriya, NIREC, tun kafa ta a 1999 shugabanni biyu gare ta, Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN. Tsarin yana rage zargi, amma yana da nasa ciwon: kowane shugaba kan zama wakilin ɓangarensa, wanda kuma ba ya cikin biyun ba shi da kujera. A ƙungiyar ɗalibai na fi son shugaba ɗaya da mataimaki daga wani addinin, a riƙa juya kujerar duk shekara, su biyun su riƙa karɓa-karɓar jagorancin zama, sannan a samu malamai biyu masu ba da shawara waɗanda za a kai wa ƙara idan shugabar ce ake ƙorafi a kanta. Yanzu duk wanda ya ji haushinki ba shi da inda zai kai sai bayan idonki.

Sauka tana da lokacinta. Idan kika ga ba za ki iya zartar da ƙa'ida a kan naki ba, ko karatunki ya fara lalacewa, ki miƙa kujerar cikin mutunci. Idan kuma maganar "ta sayar da addini" ta tashi daga gulma ta koma barazana, ko a baki ko a waya, kada ki ɗauke ta da wasa: ki adana saƙonnin, ki sanar da ofishin kula da harkokin ɗalibai da iyayenki a ranar.

A makon nan ki fara da mataimakinki, ku biyu kawai, tunda shi a gabanki ya faɗi tasa. Ki gaya masa kin karɓi gyara a kan addu'a da kuma riƙe ra'ayi a kan kujera, ba ki karɓi barin karatun ƙungiyar ɗalibai Musulmi ba, kuma ba za ki nemi ya bar cocinsa ba. Ku fito da daftarin ƙa'idar magana da ma'aunin sanarwa tare, ku kai wa kwamiti. A zama na gaba shi ya jagoranta, ke ki zauna a cikin jama'a.